Shekarar da Na Sa Aka Sare Gawon Majami'a

Dauda, Rahila, da ke Naomi autata, wannan babin ne na fi jan ƙafa kafin in rubuta. Labarin ƙuruciyata a ƙasar Tangale cikin mako biyu na gama shi. Shekarun da na yi a ma'aikatar ayyuka kuwa ina rubutawa ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Amma da na iso nan sai biro ya yi mini nauyi, na tura littafin ƙarƙashin katifa, ya yi wata uku ban waiwaye shi ba. Kun san an sare gawon da ke harabar majami'armu ta Gabukka, kun kuma san da hannuna a ciki. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi. Labari biyu ke yawo a bakin mutane. Wasu na cewa mai haɗa sola ne ya cuce mu, wasu na cewa dattawan ikkilisiya ne suka fi ƙarfina. Duka biyun ƙarya ne, ni ne kuma na bari suka yaɗu, don sun rufa mini asiri.

Lokacin da Gombe ta zama babban birnin jiha aka kwaso mu ma'aikata daga Bauchi, muka cika gari, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Mu 'yan ikkilisiyarmu ba mu fi gida ashirin ba, a falon wani ɗan'uwa muke sujada, yara a kan cinya, takalma tuli a bakin ƙofa. Muka shiga neman fili. Sai ciniki ya yi nisa, mai fili ya tambayi abin da za a gina, mu faɗa, ya ce zai yi shawara da 'yan'uwa, shi ke nan ba za mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kowa da abin da yake tsoro. A ƙarshe Allah ya haɗa mu da Malam Buba, wani dattijon Bafulatani mai gona a bakin gari, da 'yan shanunsa da awaki. Tun a gaisuwar farko muka faɗa masa gaskiya, ya ce ai Allah za ku kira, ba giya za ku sayar ba. Ranar da muka je auna filin, muna cikin jan igiya, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna wani ƙaton gawo da ke gefen kudu.

"Gona na sayar muku," in ji shi, "wancan kam ban sayar ba."

Wani daga cikinmu ya ce, "Malam, ai a cikin filin yake."

"Na sani. Babana a nan ya tarar da shi, ni ma haka. Ku yi gininku, ku bar shi ya mutu don kansa. Wa zai riƙe mini wannan maganar a cikinku?"

Manya suka kalli juna. Ni ne magatakarda a lokacin, ni ne kuma mai bakin da ba ya jira a gama tunani.

"Ni ne, Malam. Muddin ina numfashi ba mai sa masa gatari. In kana so a rubuta, a rubuta."

"Ba sai an rubuta ba. Yakubu ne sunanka ko? To, Yakubu, na ji." Ya miƙo mini hannu.

Ku 'ya'yan birni ne, bari in gaya muku halin gawo. Shi ba ya bin sauran itatuwa. Da damina, lokacin da ko'ina ya yi kore shar, sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, wanda bai san shi ba sai ya rantse ya mutu. Ruwa na ɗaukewa sai ya fara tofo, ya cika ya batse, ya riƙe ganyensa duk rani har cikin bazara, daidai lokacin da mutum da dabba ke neman inuwa ido rufe. A ƙarƙashinsa muka yi sujada shekara biyu kafin mu iya ɗora kwano. Bayan an yi gini ma ba a rabu da shi ba. Tsofaffin da zafin kwano ke sa wa jiri a nan suke shimfiɗa tabarma su ji wa'azi ta taga, a nan zumuntar mata ke taro, a nan ake ɗora tukwane ranar biki. Itace ne mai ƙaya, don haka mahaifiyarku Saratu ta ɗora wa kanta share gindinsa duk Asabar, ba wanda ya sa ta. In ta gama sai ta tattara 'ya'yansa da suka zubo a buhu, ta miƙa wa awakin Malam Buba ta kan katanga. Da ya rasu ta ci gaba da miƙa wa ɗansa Hammadu, wanda ya gaji gidan da ke bayanmu.

Shekarar da nake magana a kai ita ce wadda kuɗin mai ya yi tashin nan da ya gigita kowa. A lokacin ikkilisiya ta girma. Sujada biyu ranar Lahadi, fankoki jere a sama, lasifika, kayan kiɗan matasa, ga famfon rijiyar burtsatse da rabin unguwa ke ɗiba. Wutar gari ta zo yau, ta ɗauke kwana uku. Duk nauyin yana kan wani babban inji mai shan man gas, wanda ni na zaɓo da kaina a zamanin yalwa, ina ji da shi kamar ɗan fari. To, sai ya zama kuɗin baikon da masu sujada suka bayar ranar Lahadi, Litinin yana hannun mai gidan mai. Ba dabarar da ba mu yi ba. Muka canza ƙwayayen wuta zuwa masu cin kaɗan, muka kashe rabin fankoki, muka mayar da koyon waƙa da rana tsaka, muka ce wa matasa su rage ƙarar kayansu, abin da ko ba komai ya faranta wa tsofaffi rai. Inji dai bai fasa sha ba. Abu na farko da aka yanke shi ne masarar gwauraye, wadda ake raba musu duk ƙarshen wata tun kafin a haifi Naomi. Mahaifiyarku ce shugabar zumuntar mata, ita ke bi gida-gida tana kaiwa. Wata Asabar ta dawo, ta ajiye jakarta, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Injiniya," ta ce. Haka take kirana in za ta tsokane ni ko in za ta yi mini faɗa, don ta san takardar injiniya ban taɓa riƙe ta ba, a bakin aiki aka laƙaba mini. "Yau gida bakwai na shiga hannu rabbana. Wata tsohuwa ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗauko kwanon da za a juye mata, na ce gaisuwa kawai na zo. Injinka ya cinye tuwon gwauraye."

Maganar ta ƙona ni, don gaskiya ce. Washegari na fara yawon kasuwa ina tambayar yadda ake haɗa sola, bayan mako biyu na kai wa dattawa shawara: a sayar da inji, a haɗa da gudummawar jama'a, a ɗora farantan sola a kan rufi. Ba kowa ya yarda ba. Wani ya ce in hadari ya rufe rana fa, wani ya ce batura mutuwa suke yi, wani ya ce an taɓa yi a garinsu ɓarayi suka kwance. Tambayoyi ne na masu hankali, amma ni a ranar duhun kai na ɗauke su. Na buga tebur na ce tun da Allah ya halicci rana ba ta taɓa ƙara wa kowa kuɗi ba. Aka fashe da dariya, na ci nasara, aka ɗora ni a kan aikin. Mutane kuwa suka bayar, irin bayarwar da har yau ban manta ba. Mata suka sayar da awaki da gyaɗar da suka ajiye. Wata gwauruwa ta kawo turmin atamfar da ta ɓoye a ƙasan akwati, wanda ta ce da shi za a lulluɓe ta ranar da ta mutu. Saratu ta roƙe ta ta mayar da abinta, ta ƙi.

Wanda muka ba aikin shi ne Alhaji Sani, Bakano haifaffen cikin birni, mai shago a babbar kasuwa. Mutum ne mai tsoron Allah a sana'arsa, ku riƙe wannan. Ya zo duba wurin a watan Agusta, tsakiyar damina. Ya hau tsani, ya zagaya rufin, ya ce ɓangaren kudu ne mai ƙarfin ɗaukar faranti, na arewa katakonsa ya tsufa. Sai ya leƙo ƙasa inda nake riƙe masa tsanin.

"Injiniya, wannan itacen fa? Busasshe ne?"

"Kada ya dame ka, Alhaji. Ai ka gani, ko ganye ɗaya babu."

Ban ce ya mutu ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan, wai ban yi ƙarya ba. Haba! Ɗan manomi ne ni, a gindin gawo na koyi riƙe fartanya. Na san abin da ya tambaya, na san amsar. Na kuma san in na faɗa zai ce sai an kafa rumfar ƙarfe can a filin arewa a ɗora farantan a kai, kuɗi ya ƙaru, waɗanda suka ja da ni su sami bakin magana, ranar buɗewa da muka riga muka sanar ta wuce. Na ce wa raina rufin dogo ne, inuwa ba za ta kai ba. Abin da na manta, ni da ake kira injiniya, shi ne da rani rana karkata take yi kudu, inuwar duk abin da ke kudu ta miƙe ta yi arewa. Da na koma gida Saratu tana zuba mini abincin rana, ba ta ko ɗago ba ta tambaye ni.

"Ka gaya masa gawo ne?"

"Saratu, ki bar maganar wuta ga masu wuta."

"To. Na bari."

Kun san "na bari" ɗin mahaifiyarku. Ba ta taɓa nufin ta yarda ba.

Ranar buɗewa ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Fasto ya danna makunni, fankoki suka fara juyawa, ba rugugi, ba hayaƙi, ba warin gas. Shekara da shekaru muna sujada cikin ƙarar inji har mun manta yadda muryar tsofaffi take in suna waƙa, ranar muka ji ta. Aka kira ni gaba, jama'a suka tashi tsaye suna tafi, na ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Inji kuwa wani mai gidan burodi ya riga ya saye shi ya tafi da shi. Wata biyu komai lafiya lau, har masarar gwauraye ta dawo. Sai ruwa ya ɗauke, gawo ya fara tofo. Ina zuwa da safe in tsaya ina kallonsa. Kafin Kirsimeti ya cika, tun da hantsi inuwarsa ke hawa rufi, ba ta sauka sai la'asar. Batura suka daina cika. Ana tsakiyar wa'azi lasifika ta yi shiru, famfo ya tsaya, matan unguwa su koma da bokiti ba ruwa. Wani ɗaurin aure da aka yi, amarya ta kusa suma a cikin lulluɓinta. Sau biyu muka sa aka rage rassan da ke kusa da rufi, bai yi ba, don kan itacen ne ke tare rana. Na kira Alhaji Sani. Ya tsaya a gindin gawon ya ɗaga kai ya daɗe, ya bayyana wa dattawa cewa faranti ɗaya in inuwa ta rufe shi, sauran da ke layinsa ma ƙarfinsu raguwa yake yi. Ya ce hanya biyu ce, ko rumfar ƙarfe ko a kawar da itacen. Sannan ya ja ni gefe inda ba mai ji.

"Injiniya, ai na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"To, ni ba zan tona ka ba, kai babba ne. Amma don Allah kada a ɗora mini."

Na ce ba za a ɗora masa ba. Aka kuwa ɗora masa, ina ji ina gani. A bakin ƙofar majami'a ake cewa Bakano ya ci kuɗin gwauraye ya yi aikin banza, ni kuma in wuce kamar kurma. Bara na je shagonsa na roƙi gafara. Ya ce ya manta, ya sa aka kawo mini ruwa, amma daga baya na ji majami'u biyu da suka so ba shi aiki sun fasa saboda wannan maganar.

A gida kuwa Saratu ba ta ƙara cewa ta bari ba. Lokacin hutun Kirsimeti ne, Naomi ta dawo daga jami'a, tana madafa tana daka, mu muna tsakar gida.

"Hanya ɗaya ce, Baban Dauda. Ka tashi ranar Lahadi gaban jama'a ka ce kai ne ka yi kuskure. Ka sayar da filin nan da ka saya da kuɗin sallamarka, ka fara ajiye naka, ka ga in mutane ba su biyo ka ba."

"In tashi in ce wa matar da ta kawo zanen binne ta ta sake kawowa?"

"Ba roƙonta za ka yi ba. Gaskiya za ka faɗa mata."

"Filin na karatun Naomi ne! So kike yarinya ta bar makaranta saboda itace?"

"Ba itace ba ne. Bakinka ne, kai ka bayar da shi, ina tsaye da goyon Rahila a bayana."

Na ɗaga murya da gangan lokacin da na ambaci sunanki, Naomi, na kuma ji taɓarya ta tsaya. Daga baya na ji ki da kunnena kina gaya wa yayarki wai saboda ke aka sare. Sauke wannan kayan, 'yata, ba naki ba ne. Dauda ya riga ya ce mini zai ɗauki karatunki, fanshona na zuwa, filin kuma har yau yana nan ciyawa na cinsa, ko bulo ɗaya ban aza ba. Abin da na kasa shi ne in tashi gaban mutanen da suka yi mini tafi in ce na san halin gawo na yi shiru. Kunya na ji tsoro, sai na laɓe a bayanki. A duk abin da na yi a shekarar nan, wannan ya fi ci mini rai.

Dattawa ma ba su fi ƙarfina ba. A taron da aka yi, Fasto, wanda sa'an Dauda ne amma ya fi ni natsuwa, ya dube ni a gaban kowa.

"Baba Yakubu, kai ka yi magana da marigayi Malam Buba. In ka ce a'a, ba mai taɓa shi. Za mu yi sujada cikin zafi, mu ari ƙaramin inji don ruwa, har Allah ya buɗa mana hanyar rumfar."

Kalma ɗaya ake jira daga bakina. Maimakon in faɗe ta, sai na ce bari in ga Hammadu. A zuciyata na san abin da nake nema, wanda zai sauke mini nauyin in tafi da hannuna a wanke. Na same shi da safe a zaure, ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo kindirmo. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo tsadar mai, na kawo gwauraye, na kawo ruwan da matan gidansa ma ke ɗiba. Ya bar ni na gama tsaf.

"Bappa," ya ce, wato baffa, don haka yake kirana tun yana yaro, "ba da ni kuka yi magana ba. Wanda kuka yi da shi yana kwance a maƙabarta. Ni ban ɗaura ba, ba zan iya kwancewa ba. Filinku ne, ba zan hana ku ba, ba kuma inda zan kai ƙara. Amma kada ka ce na yafe, don ba ni da abin yafewa."

Na koma wurin dattawa na ce Hammadu ya ce ba zai hana ba. Fasto ya daɗe yana kallona.

"Shi ke nan abin da ya ce, Baba?"

"Shi ke nan."

Wata Talata da safe masu injin yankan katako suka zo. Asabar ɗin kafin nan Saratu ta share gindinsa kamar kullum, ta cika buhu ta miƙa ta kan katanga, ta san kuwa abin da za a yi. Ranar saran ba ta fita daga gida ba. Ni na je, don na ga bai kamata in sa a yi in kuma ɓuya ba. Suka fara daga sama, reshe-reshe, suna ɗaurewa da igiya kada ya faɗa kan rufi. Kwana biyu suka ɗauka. Da gangar jikin ta faɗi ƙasa ta girgiza har tagogi suka amsa, na ji abin a cikin ƙirjina. Harabar ta yi wani irin haske mai ban tsoro, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Na sa aka buɗe ƙofar baya don awakin Hammadu su shigo su ci ganyen da ya zube, suka ci har cikinsu ya kumbura. Shi bai leƙo ba.

Gaskiya kuma ba za ta hana ni faɗin ɗaya gaskiyar ba. Tun daga ranar wuta ba ta sake yanke mana ba. Famfo na aiki, fankoki na juyawa, baiko ya daina tafiya gidan mai, gwauraye suna samun masararsu har da ɗan man gyaɗa. Sola abu ne mai kyau, ko yau aka tambaye ni zan ce a sa. Majami'u da masallatai sun turo mutane su ga namu, ni kuma abu ɗaya nake gaya musu: ku duba wurinku da damina, ku sake dubawa da rani, ku kuma tambayi matan da ke share harabar. Wasu su yi dariya, su ɗauka raha nake yi. Mahaifiyarku ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya. Ta ci gaba da dafa mini abinci, ta ci gaba da wanke mini farar rigata ta Lahadi. Amma ba ta sake kirana Injiniya ba, ko da wasa, sai Baban Dauda. Sai a lokacin na gane ashe sunan tsokanar nan shi ne daɗin gidanmu. Tsofaffin da suke zama a waje wasu suka dawo ciki, wasu suka daina zuwa in zafi ya yi. Taron zumuntar mata ya koma ajin yara. Sau da yawa na shirya zan ce mata ta yi gaskiya, sai in ce bari sai gobe, yau ta gaji.

A bazara ta biyu bayan haka ciwon ya kwantar da ita, kwana tara ta yi. Kun san wannan, kuna nan. Ranar jana'izarta majami'a ta cika har ba masaka tsinke, ni ina kujerar gaba kusa da akwatinta, Rahila a gefena, fankoki na juyawa a kanmu, sanyi na sauko mini a wuya. Wajen sha biyun rana, Fasto yana tsakiyar wa'azi, na juya na duba ta tagar kudu. Sai na ga mutanen unguwa. Hammadu ne a gaba, da limamin masallacin layinmu, da dattawan da muka tsufa tare, can gefe kuma matansu da hijabai, waɗanda Saratu ta yi shekaru tana zuwa musu barka da ta'aziyya. Sun zo rakiyarta. Ba za su shiga ciki ba, ba kuma za su tafi ba. Suna tsaye kewaye da kututturen, rana a tsakar kansu, ƙasa na tiriri, wasu sun ɗora hannun riga a ka, wani tsoho ya dogara sanda yana rangaji. Na tashi na bi ta ƙofar gefe na fita.

"Hammadu, don Allah ku matso jikin gini. Ko in sa a fito muku da kujeru."

Na duba jikin ginin, ko tafin hannu na inuwa babu. Shi ma ya duba.

"Bappa, koma ka zauna kusa da Inna. Duk rasuwar da aka yi muku a nan muke tsayawa, tun zamanin Baba. Ba mu san wani wurin ba."

Ba da zafi ya faɗa ba, har yana riƙe mini hannu. Na waiwayi ƙofar da na fito, ina jin waƙa ta tashi a ciki, na san an fara shirin ɗaukarta. Ƙafata ta ƙi komawa cikin sanyin nan. Na cire hulata na shiga layinsu, tsakanin Hammadu da tsohon mai sanda, zufa da hawaye suna haɗuwa a gemuna, har aka fito da ita.

Rahila, kin yi wata biyu ba kya ɗaga wayata sosai, kin gaya wa Dauda ba ki taɓa ganin mijin da ya bar kujerarsa a jana'izar matarsa ba. Ban ba ki amsa ba a lokacin, don da na ba ki sai na faɗi duk wannan. Lokacin da kika waiwaya ba ki gan ni ba, ina waje, a cikin rana, tare da su.